Filin Tambaya da Amsa: Tseren Agogo, Kai Kaɗai a Kan Kwalta

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar wannan fili. Tunda kulob ɗinmu ya fara jerin tseren agogo saƙonni suka ƙi ƙarewa, wasu ta WhatsApp, wasu kuma a teburin mai shayi suke tare ni bayan mun dawo, shi yasa wannan karon na bar masa filin gaba ɗaya. Ga wanda bai san shi ba, shi ne wanda 'yan keke suke ce wa taim tirayal. Ba'a tashi tare. Ana sakin mutum ɗaya, a jira minti ɗaya a saki na bayansa, kowa ya ci nisan da aka yanka shi kaɗai, mai riƙe da agogo ya rubuta lokacinsa. Namu kilomita 16 ne, takwas tafiya takwas dawowa, a titin Gwarzo gaba da sabuwar jami'ar BUK a nan Kano, duk Lahadi bayan sallar asuba har sati takwas.

TAMBAYA: Salam Malam barka da ƙoƙari. Ni matashi ne shekarata 23 ina zaune a Hotoro, kusan shekara kenan ina bin 'yan keke fita ranar Asabar kuma wallahi cikin ayari ba'a barina a baya. Da aka ce za'a fara tseren agogo na bada sunana da ƙwarin gwiwa. Ranar farko ana sakina na taka da iya ƙarfina, kafin kilomita 3 na kamo wanda aka saki kafin ni na wuce shi ina ta jin daɗi, amma muna juyowa sai ƙafata ta mutu kamar an ɗaura min buhun siminti, numfashi ya ƙi, bakina ya bushe, wanda na wuce ya zo ya wuce ni, wani dattijo da ya isa haihuwata wanda aka saki minti biyu bayana shima ya wuce har da ce min sannu yaro. Na gama a minti 36 da sakan 40. Kunya ta hanani komawa sati na biyu. Keken ne matsalar ko ni ne ban dace da abin ba? Daga ƙaninka a Hotoro.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Kafin komai, ka dawo ranar Lahadi, wannan ita ce maganar farko kuma da gaske nake. Keken ka lafiyarsa ƙalau, kai ma lafiyarka ƙalau, abin da ya same ka ya samu kusan duk wanda ya taɓa tsayawa a layin nan karon farko.

Bari in fara da maganar ayari tunda nan ka samu ƙwarin gwiwar. In kana bayan mutane biyar ko goma a hanya su ne suke fasa maka iska, kai kana cikin inuwarsu, kuma wanda ya manne a bayan wani yana iya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe. Shi yasa kake ganin ba'a barinka. A tseren agogo babu inuwar kowa, iskar duk taka ce daga farko har ƙarshe, to ranar ce ka fara haɗuwa da ainihin ƙarfinka, kuma minti 36 da sakan 40 a kilomita 16 yana nufin ka yi kusan kilomita 26 a awa duk da ka mutu a rabin hanya. Wannan ba lokacin jin kunya bane sam.

Wasu satukan ni nake riƙe agogo a wajen tashi, kuma wallahi tun a mita ɗari biyu na farko nake gane wanda zai dawo a galabaice. Mai riƙe sirdi ya riƙe, ina ƙirga masa biyar, huɗu, uku, biyu, ɗaya, tafi, sai ka ga yaro ya miƙe tsaye kan feda yana jijjiga keken hagu da dama, ya cusa giya mafi nauyi, kafin ya ɓace mana da gani bakinsa ya riga ya buɗe. Shi kuma dattijon da kake magana, ko wani irinsa, zai taka sau goma a tsaye ya zauna, ya kwantar da kafaɗa, ka rantse kasuwa zashi. Bayan rabin awa shi zaka fara hangowa. Hausawa sun gama magana da suka ce sauri ya haifi nawa. Duk ƙarfin da ka kashe fiye da ƙima a minti ukun farko bashi ne ka ci a wajen cinyoyinka, kuma bashi ne da ruwa, sai ka biya ninki a dawowa, babu yafiya.

Akwai kuma abin da titin da kansa ya yi maka baka sani ba. Da hunturu iskar daga arewa maso gabas take busowa, mu kuma in mun tashi yamma muke nufa, kenan a tafiya iska tana bayanka tana tura ka, kana duba waya ko mita kaga 34 ko 35 ka ɗauka ƙarfinka ne. Kana shan kwana sai ta dawo fuskarka, ga rana ta fara fitowa tana dukan ido, ga ƙura. Yi lissafi da kanka, kilomita 8 a gudun 34 minti 14 ne da 'yan sakanni, kilomita 8 a gudun 24 kuwa minti 20 ne cif. Kaga mafi yawan lokacinka a dawowa kake kashe shi, to nan ya kamata ka ajiye wa ƙarfi. In iska na bayanka ka ɗan sassauta, in tana gabanka ko kana hawan tudu ka ɗan ƙara, saboda a wurin da kake tafiya a hankali ne ƙarin ƙarfi yake saya maka sakanni masu yawa. Da damina kuma lissafin juyawa yake, iskar daga kudu maso yamma take zuwa, sai ka sha wuya a tafiya ka samu sauƙi a dawowa.

Abin da nake so ka gwada ranar Lahadi shi ne ka raba hanyar gida huɗu a ranka, kilomita huɗu huɗu. Huɗun farko ka tafi har kana jin kamar kana cutar kanka da rashin gudu, in da wani zai yi maka magana ka iya bashi amsa da kalma uku ko huɗu. Zuciyarka zata ce ka ƙara, musamman in ka hango bayan wanda ke gabanka, kar ka saurare ta, wannan mutumin ba shi kazo kamawa ba. Huɗu na biyu ka zauna a gudun da kake jin zafinsa amma kasan zaka iya riƙewa. Na ukun shi ne mugun, an juyo, gida da nisa, nan tunani yake fara yawo, ka tuna bashin da ake binka, ka tuna me ma ya kawo ka, kafin ka ankara ƙafa ta rage juyawa baka sani ba, to nan nake so ka riƙa zaɓar abu a gaba, turken wuta ko wata bishiyar darbejiya, kace sai na kai can ban rage ba, in ka kai ka zaɓi wani. Huɗun ƙarshe kuma duk abin da ya rage ka juye shi, ka iso layi babu ko sisi a aljihun ƙafarka.

Sannan ka bar giya mai nauyin nan. Ka nemi wadda ƙafarka zata riƙa juyawa wajen sau 90 a minti, in baka da mita ka ƙirga gwiwar dama, cikin sakan 15 ta hau sau 22 ko 23. Kuma tunda daga Hotoro kake, gari guda kake ratsawa kafin ka iso, in a keke kake zuwa ka fito da wuri ka taho a hankali, wannan ya ishe ka ɗumama jiki, ba wai ka makara ka taho a guje ka iso da rabin ƙarfinka ba. Ina zargin har wannan ya shiga cikin abin da ya same ka.

Maganar kunya kuwa, bari in baka labarin da ya faru a nan Afirka. A watan Satumba na 2025 aka yi gasar keke ta duniya a Kigali ta ƙasar Ruwanda, karo na farko da aka kawo ta nahiyar nan. A tseren agogo an saki Tadej Pogacar ɗan Sulobeniya, mutumin da a lokacin ya ci babbar gasar keke ta Tour de France sau huɗu, bayan minti biyu da rabi aka saki Remco Evenepoel ɗan Beljiyam, kafin a kai ƙarshe Evenepoel ya kamo shi ya wuce shi a gaban kyamarorin duniya. Pogacar bai tattara kayansa ya gudu gida ba, bayan sati ɗaya ya fito babban tseren titi ya cinye. In an wuce wannan, waye kai waye ni da za'a ce kar a wuce mu.

Dattijon nan da ya ce maka sannu, ka same shi ka gaishe shi da kyau kace Baba yaya kake raba gudunka. Irinsu basa rowar sani. Lambar da zaka sa a gaba kuma 36:40 ce, taka ta kanka, ko sakan goma ka zaftare ka ci riba.

TAMBAYA: Malam ni kekena na gwanjo ne na ƙarfe, a Sabon Gari na siya, ina ganin wasu da keke mara nauyi da wasu ƙahonni guda biyu a gaba suna kwanciya a kai. Ɗinki nake yi ba wani ƙarfi gareni ba, in shiga da nawa ko in jira sai na tara kuɗi? Daga wani tela a Kurna.

AMSA: Ɗan uwa ka shigo da naka, kar ka jira komai. Ba zan yi maka ƙarya ince kayan nan basa aiki ba, suna yi. A 1989 Greg LeMond ɗan Amurka ya shiga ranar ƙarshe ta Tour de France yana bayan Laurent Fignon ɗan Faransa da sakan 50, ranar kuma tseren agogo ne na kilomita 24.5 daga Versailles zuwa Paris. LeMond ya ɗaura irin ƙahonnin nan ya sa hula mai tsini ta baya, Fignon ya fito kai babu hula, LeMond ya fi shi da sakan 58, ya ci gasar sati uku da sakan 8 kacal. Daga nan kowa ya koma ƙaho.

Amma ka duba me ƙahon ya yi masa, jikinsa ya tsuke, ya haɗe masa hannuwa ya kwantar da bayansa. In kana gudu a shimfiɗaɗɗen titi mafi yawan ƙarfinka wajen fasa iska yake tafiya, kuma abin da iskar ta fi duka jikinka ne, ba keken ba. To wannan kana iya gyara shi ko kwabo baka kashe ba. Ka kama ƙasan kan keken in mai lanƙwasa ne, ka shigo da gwiwar hannu ciki, ka sauke kafaɗa, kai ƙasa kaɗan amma ido na kan hanya. Kuma kai tela ne, Allah ya baka abin da wasu suke biya, ka ɗauki rigarka ka rage ta ta kama jiki, domin riga mai fal-fal a baya tamkar ka ɗaura lema ce kana ja. Lambar da za'a baka ma ka manna ta da fil huɗu ta kwanta, kar ta riƙa kaɗawa.

Ranar Asabar da yamma ka wanke kaca da kalanzir ka goge ta bushe ka ɗiga mata mai mara kauri, ka goge na saman. Don Allah a daina zuba baƙin man inji, da ƙurar Kano yake haɗuwa ya zama kamar yashi yana cin kacar yana cin ƙarfinka. Ka ɗaga keken ka juya kowace taya ka saurara ko birki yana gogar rim, na sha ganin wanda ya yi kilomita 16 da birki a manne yana zagin ƙafarsa. Iskar taya kuma ba sai ta zama dutse ba, a kwaltarmu mai gargada taya mai tauri sosai tsalle take ta yi maimakon tafiya. Sirdi ka daidaita shi, in ka ɗora dunduniya a feda tana can ƙasa ƙafar ta miƙe ba tare da ƙugunka ya karkace ba.

In kuɗi ya samu hular kwano ce farko, bama sakin kowa babu ita, sai tayoyi masu kyau. Ƙaho ya zo daga baya, kuma ka sani babu birki a jikinsa, a titin da akuya ko ɗan sahu zai iya faɗo maka ba sallama wannan ba ƙaramin abu bane, sai ka koya a wuri mara mutane tukuna, kuma ba'a hawa kansa a cikin ayari ko kusa. Ka tuna Ese Ukpeseraye, 'yar Najeriya ta farko da ta yi tseren keke a gasar Olamfik, a Paris 2024 da keken aro daga tawagar Jamus ta shiga tseren cikin fili. Rashin kaya bai sa ta zauna ba.

TAMBAYA: Malam akwai abin da yake damuna. Sati na uku da idona naga wani a cikinmu ya laɓe a bayan tifa tun daga wajen juyawa har kusan kilomita biyu, ranar ya zaftare kusan minti uku aka yi ta yi masa tafi a guruf. Abokina ne tare muka taso. In faɗa ko in yi shiru?

AMSA: Ka faɗa, amma shi zaka fara samu, kai da shi babu na uku. Ka ce masa na ganka, kaje da kanka ka ce a soke lokacin ranar. Ka bashi kwana biyu, in ya ƙi sai ka sanar da mai tsara tseren a ɓoye, ba a guruf ba, tonon asiri ba gyara bane.

Dalilina biyu ne kuma na biyun ya fi tayar min da hankali. Na farko, wannan tseren gaba ɗayansa akan amana yake tsaye. Babu alƙali a kowace kilomita, mutum biyu ne a layi da ɗaya a wajen juyawa, sauran kai ne da Allah. Dokar hukumar keke ta duniya UCI ma a fili take, ko ɗan tsere ɗan uwanka ba'a yarda ka bi iskarsa ba, in ka kamo mutum ka bar tazarar mita 2 a gefe ka wuce, wanda aka kamo kuma bayan kilomita ɗaya dole ya kasance aƙalla mita 25 nesa da wanda ya wuce shi. To ina ga bin mota. Kuma kansa ya fara cuta, domin yanzu ya rubuta wa kansa lokacin da ƙafarsa ba zata iya maimaitawa ba, ko dai ya riƙa jin kunya duk sati ko ya riƙa neman wata tifar.

Na biyu, ran abokinka. Wanda ke bayan tifa baya ganin rami, baya ganin abin da ke gaba, direban bai san da shi ba, ranar da ya taka birki saboda wani ya tsallaka ko dutse ya faɗo daga bodin, babu ko sakan ɗaya na tunani. Na taɓa tsayawa kan wani yaro a gefen titi da ya bi bayan babbar mota ta kauce wa rami shi bai gani ba, Allah ya yi da sauran kwana amma ƙashin kafaɗarsa ya karye, fatar gefen fuskarsa ta tafi, har yau ina tuna yadda tayar gabansa ta naɗe kamar an murɗe faranti. Ba zan so in kira mahaifiyar kowa a waya ranar Lahadi da safe ba. In kana ƙaunarsa ka yi masa magana yau.

TAMBAYA: Yaya ina wuni. Ni ɗaliba ce ina hawa keke tun ina ƙarama, yayana yana cikin masu yin tseren nan kuma a gida an yarda in bishi, amma ina tsoron ace mace ta zo cikin maza. Ana karɓar mata? Ƙanwarka daga Rijiyar Zaki.

AMSA: Lafiya lau ƙanwata. Mu dai a wajenmu ana karɓa, kuma tunda da yardar gida ga yayanki a wurin, ni ban ga abin da zai hana ba. In ma akwai tseren da ya dace da ke to wannan ne, babu cakuɗuwa babu gogayya, ke kaɗai za'a saki ke kaɗai zaki dawo, kuma zaki iya roƙon a sa yayanki ya tashi minti ɗaya bayanki don hankalin kowa ya kwanta. Ki sa suturarki ta mutunci, kawai ki kula kada wani abu ya sauko kusa da kaca ko sifok ɗin taya, dogon hijabi yana iya naɗewa kuma faɗuwar ba kyau, ƙarami wanda zai shiga ƙarƙashin hular kwano ya tsaya a kafaɗa ya fi aminci.

Akwai wata mata a Ingila, Beryl Burton, a 1967 ta shiga tseren agogo na awa 12 ta yi mil 277.25, wajen kilomita 446 kenan, ta zarce abin da duk wani namiji ya taɓa yi a wannan tseren a ƙasar, kuma sai bayan shekara biyu namiji ya wuce lambarta. A hanya ta kamo Mike McNamara wanda shima ranar yake kafa tarihin maza, da zata wuce shi ta miƙa masa alewa ya karɓa. Ki zo da ƙawarki in da mai sha'awa, in kun kai ko uku ne sai a buɗe muku jadawalinku daban.

TAMBAYA: Sati huɗu kenan lokacina ya tsaya a minti 32, sati na huɗu ma na ƙara sakan 20. Me zan ci kafin tsere, kuma in azumi ya zo ya za'a yi?

AMSA: Minti 32 kilomita 30 a awa ne, ka gode Allah. Kafin ka damu da sakan 20 ɗin nan ka duba takardar sakamako ta ranar, in kusan kowa ya ƙara to iska ce ko hazo, ba kai bane. In kai kaɗai ne, yawanci gajiya ce, mutane da yawa suna zuwa doguwar fitar Asabar su ƙure kansu sannan su zo Lahadi suna neman sabon lokaci. Ka sassauta Asabar. A tsakiyar sati kuma, Talata ko Laraba, ka yi minti 8 a gudun tsere ka huta minti 4, sau uku, wannan ya fi maka yawon awa uku amfani a wannan harkar.

Ci kuwa, tseren rabin awa baya buƙatar ka cika ciki. Tuwonka na dare shi ne man tafiyar. Da asuba dabino uku ko ayaba da ɗan shayi sun isa, ƙosai da waina a bari sai an dawo, mai yana zama a ciki ya taso maka a kilomita na goma. Ruwa tun daren ake sha, in fitsarinka da safe ya yi ja sosai to baka sha isasshe ba. Mai asma ya kula da ranakun da hazo ya yi kauri, ya zo da abin shaƙarsa ko ya haƙura da satin, shi yasa a jerin namu biyar mafi kyau cikin takwas muke ƙirgawa, don kada wani ya fito da rashin lafiya saboda maki.

Azumi kuma ra'ayina a dakatar da jerin gaba ɗaya. Ƙure kai da safe sannan a wuni babu ruwa a zafin garin nan, wanda a watan Afrilu yake kaiwa digiri 40, ba jarumta bace. A yi ɗan zagaye mara wahala dab da shan ruwa don ƙafa kar ta manta, bayan sallah a ɗora.

TAMBAYA: Malam mu 'yan keke ne a wajen Mariri mu kusan goma sha biyar, muna son mu fara namu. Me ake buƙata, kuma don Allah wa ya ƙirƙiro wannan abin na sakin mutum ɗaya ɗaya?

AMSA: Madalla, wannan saƙon ya faranta min rai. Asalinsa daga Ingila ne kuma dole ce ta haife shi. A 1890 ƙungiyar keke ta ƙasar ta hana tsere a kan titi saboda rigima da 'yan sanda da masu keken doki, sai wani Frederick Bidlake ya kawo dabarar a riƙa sakin mutane ɗaya ɗaya yadda mai kallo zai ga kamar kowa harkarsa yake, aka yi na farko a 1895 na mil 50. Da sassafe suke fita cikin baƙaƙen kaya, hanyoyin ma lambobin sirri suka sa musu. Har yau kulob-kulob ɗinsu suna yin na mil 10 da mil 25, mil 10 ɗin nan ita ce kilomita 16 da muka aro.

Ku kuma ba ɓoyewa zaku yi ba, ku je ku sanar da 'yan sandan yankin da KAROTA da 'yan Road Safety rana da lokaci, ku gaida mai unguwar wurin da zaku riƙa taruwa. Hanya ita ce babban aiki. Ku nemi wadda babu kasuwa babu tasha babu mahaɗa mai cunkoso, ku bita a keke a daidai ranar da lokacin da zaku riƙa yi, domin titin da yake shiru ranar Lahadi ƙarfe shida da rabi wani abu ne daban ranar kasuwa, kuma gefenku manyan motoci sun yi yawa, in baku samu kilomita 16 mai aminci ba ku yi 10, babu laifi. Ku auna nisan sau biyu ku shafa fenti a wajen tashi da wajen juyawa, kada a ƙara matsar da shi har a gama jerin, in ba haka ba lokacin wannan satin ba zai yi magana da na wancan ba.

Mutum huɗu kuke buƙata waɗanda ba zasu hau keke ba, mai agogo, mai rubutu, mai riƙe sirdi, da mai tsayawa a wajen juyawa da riga mai ƙyalli, ku riƙa karɓa-karɓa don kar wani ya gaji ya gudu. Shi na wajen juyawa aikinsa ya rubuta lambar duk wanda ya iso, ba tare motoci ba, ɗan tseren ne zai waiga ya tabbatar babu mota kafin ya sha kwana, in da mota ya tsaya ko da zai rasa sakan goma. Agogo ɗaya za'a tayar a bar shi yana tafiya, a tayar da na biyu a wata wayar saboda tsaro, mai lamba 1 ya tashi a minti na 1, mai lamba 7 a minti na 7, in mutum ya dawo sai a cire lambarsa daga abin da agogo ya nuna, misali mai lamba 7 ya shigo agogo na 40:15 to lokacinsa 33:15. Masu ƙarancin gudu su fara tashi, gwanaye a ƙarshe, sai kowa ya dawo kusan tare kafin rana ta yi zafi. Ku samu mai babur ɗaya da akwatin magani da famfo da tif ya bi bayan na ƙarshe daga nesa, kuma kowa ya rubuta lambar wayar wani na gida a takardar rajista kafin a bashi lamba.

Ranar da zaku fara ku turo min saƙo tun ana saura sati, zan zo da agogona in riƙe muku na farko in sha Allah.